Kilomita 800 na Farko: Gyaran Aksil Ba a Gareji Yake Ƙarewa Ba

Duk wanda ya saba shiga motar haya a manyan hanyoyinmu, ko ta Kano zuwa Kaduna, ko ta Zariya zuwa Sakkwato, ya san wani kuka da ke tasowa daga ƙarƙashin kujerar baya. Yakan fara kamar gurnani, ya ƙaru idan direba ya taka totur, ya sauya murya idan ya ɗaga ƙafa. Fasinja ya saba da shi har ya ɗauka haka motar take. Bakanike kuwa da jin sa ya san aksil ne ke kuka, kuma ba kullum tsufa ke jawo shi ba. Akwai motocin da haƙoran aksil ɗinsu sababbi ne fil, ba su cika wata biyu da sauyawa ba. An zuba kuɗi an sayo su, an biya kuɗin aiki, mota ta fito daga gareji da yamma, kashegari da asuba ta shiga layi a tasha, aka cika ta maƙil da mutane da buhuna, ta ɗauki hanya ba tsayawa. Ra'ayina a kan wannan shi ne, aikin sauya giyar aksil ba ya ƙarewa ranar da aka ɗaure noti na ƙarshe. Kilomita 800 na farko suna cikin gyaran kamar yadda kuɗin kaya da ladan bakanike suke ciki, kuma mai mota ne ya kamata ya ɗauki nauyinsu.

Maganar ta fi shafar motocin da ke turawa da tayoyin baya, su ne kuwa motocin neman abinci: Toyota Hiace da Hilux, Mitsubishi Canter, tifa, tirela, da tsofaffin a-kori-kura irin Peugeot 504, ƙirar da aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Golf da Corolla da Sharan da gaba suke ja, tsarinsu daban ne. A motar da ke turawa da baya, ƙarfin inji yakan bi ta giyabos, ya shiga farfela, ya isa wata tukunyar ƙarfe da ke tsakiyar aksil. A cikinta akwai ƙaramar giya da ke haɗe da farfela, tana juya wata babbar giya mai kama da faifai, sai kuma wasu 'yan ƙananan giyoyi da ke ba tayar waje damar ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana. Waɗancan biyun na farko su ne ke ɗaukar wahala. Idan babbar tana da haƙora 41, ƙaramar tana da 10, kamar yadda ake samu a motocin Toyota da dama, to sai ƙaramar ta juya sau 4.1 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A gudun kilomita 100 a awa, da taya irin ta Hiace, ƙaramar giyar nan tana juyawa sama da sau 3,000 a minti guda, kuma duk nauyin motar da na kayanta ta kan haƙora biyu ko uku yake bi a kowane lokaci, a kan wani ɗan fili da bai fi kan yatsa ba.

Akwai wani abu game da ƙirar haƙoran nan da ya kamata mai mota ya sani, domin daga gare shi duk sauran bayanin ya fito. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Gleason da ke birnin Rochester a jihar New York ta Amurka ya fito da wata yanka ta haƙora wadda ke ba ƙaramar giya damar zama ƙasa da tsakiyar babbar, kamfanin motoci na Packard ya fara amfani da ita, daga baya ta game duniya. Amfaninta a fili yake: farfela ta sauka ƙasa, daɓen mota ya yi ƙasa, haƙora suka ƙara ƙarfi, ƙara ta ragu. Sai dai ta zo da nata sharaɗi. A giyar da aka saba, haƙori yakan mirgina ne a kan ɗan'uwansa da 'yar goga kaɗan. A wannan ƙirar kuwa, haƙori yana mirginawa yana kuma zamewa a tsawon ɗan'uwansa, ƙarfe na gugar ƙarfe ƙarƙashin matsi mai tsanani. Saboda haka ne aksil ba ya shan baƙin man inji, ba ya kuma wadatuwa da kowane man giya. Mai lamba GL-5 yake so, wanda aka zuba wa sinadaran da ke ɗauke da farar wuta da fosfaras. Idan wuri ya yi zafi a inda haƙora suka haɗu, sinadaran nan sukan kama jikin ƙarfen su yi masa wata siririyar riga, ita ke cinyewa maimakon ƙarfen.

Sabon haƙori a ido sumul yake. Idan aka sa shi a madubin ƙara girma, sai a ga fuskarsa cike da 'yan tuddai da kwaruruka da injin yanka ya bari. A masana'anta akan goga babbar da ƙaramar da juna da wani kulli mai laushi don su saba, shi ya sa ake sayar da su a matsayin ma'aurata, da lamba ɗaya a jikinsu. Amma wannan gogar a kan injin masana'anta aka yi ta. Tukunyar motarka tana da nata 'yan bambance-bambance, sababbin boris da aka ɗaure da ɗan matsi su ma suna neman wurin zama. A kwanakin farko, nauyi ba ya bazuwa a kan fuskar haƙori duka, kan 'yan tuddan nan yake sauka. Idan kaya marasa nauyi ne, tuddan sukan lafa a hankali, filin haɗuwa ya faɗaɗa, fuskar ta yi sheƙi, zafi ya ragu da kansa. Idan kuwa aka ɗora cikakken lodi aka kama gudu, tuddan sukan ɓula fatar man da ke tsakani, su narke su manne da juna na ɗan ƙiftawar ido, su yage. Abin da ya yage ba ya komawa. Taurin haƙorin a fatarsa yake, kaurinta bai wuce kamar milimita ɗaya ba, ƙarƙashinta ƙarfe ne mai ɗan laushi da aka bari haka don kada haƙori ya karye. Zafi mai yawa yakan rage taurin fatar nan, kuma daga ranar ne kukan da fasinja ke ji yake farawa.

Sannan a tuna cewa aksil na irin waɗannan motoci galibi ba shi da lagireto, ba shi da famfon mai, ba shi da matata. Lita 2 zuwa 3 ce a ciki a ƙananan motocin lodi, babbar giya ke fantsama ta, iskar da ke bugun tukunya ce kaɗai ke sanyaya ta. Aksil da ya zauna yakan yi aikinsa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. Sabo kuwa, idan aka matsa masa, yakan haura digiri 120, inda man giya na gama-gari ke fara lalacewa, kuma masana harkar mai suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewarsa. Kamfanonin da suka rubuta ƙa'idojin horar da giya galibi a ƙasashe masu sanyi suke. Mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, iskar da ake sa ran ta sanyaya tukunyar ita kanta ta wuce digiri 40, ga kwalta na huci daga ƙasa. Idan akwai inda ya kamata a tsananta ƙa'idar, nan ne.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. Masu ƙera giyar canji a Amurka, irin su Yukon, kusan bakinsu ɗaya a kanta. A yi tafiyar farko a hankali, ba lodi, ta kilomita 25 zuwa 30, sannan a tsaya har tukunyar ta huce. A maimaita haka sau biyu ko uku. A guji fizgar mota daga tsaye, a guji riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci, a riƙa takawa ana ɗagawa, domin haƙori fuska biyu gare shi, ɗaya na aiki lokacin da inji ke turawa, ɗayar lokacin da mota ke gangarawa da kanta, kuma duka biyun suna bukatar sabawa. Kada a ja tirela ko a ɗauki cikakken kaya sai an yi mil 500, wato kilomita 800. A nan sai a juye mai a zuba sabo. Ranar da za a fara ɗaukar nauyi kuma, a sake yin gajerun zango ana hutawa, domin nauyi yakan lanƙwasa ƙarfe kaɗan ya kai haɗuwar haƙora wani ɓangaren da bai taɓa aiki ba. Manomin da ya sayi sababbin bijimai ba ya ɗaura musu garma a gona mai tauri ranar farko. Yakan fara sa su jan gungume mara nauyi, su saba da karkiya, kafaɗa ta yi ƙwari, sannan huɗa ta zo. Wasu na cewa zafafawa da hucewar nan taurara ƙarfen take yi. Ni dai hujjar da na fi gamsuwa da ita ta fi wannan sauƙi: tsayawar tana hana mai kaiwa zafin da zai mutu a lokacin da haƙora suka fi bukatarsa.

Juye man nan na kilomita 800 shi ne abin da aka fi rainawa, alhali shi ya fi araha. Duk abin da ya goge daga haƙora da boris, da baƙin rufin da wasu masana'antu ke yi wa sabuwar giya don ya taimaka mata a kwanakin farko, a cikin man yake zama tunda babu matata. Maganaɗisun da ke jikin notin juye mai yana kama wani abu, ba duka ba. Sauran yana ta zagayawa ta cikin boris.

To, akwai masu ja, kuma ba duka jayayyarsu ce ta banza ba. Na farko sukan ce: sabuwar mota daga kamfani ba wanda ke tsayawa da ita kowane kilomita 30, me ya sa sai wadda aka gyara? Amsar kashi biyu ce. A masana'anta injuna ke auna kowace tukunya su zaɓi kaurin siraran faifan ƙarfen da ake sawa a bayan boris, a gwada aksil kafin ya shiga mota, cikin tsafta da daidaiton da garejin bakin titi ba zai kai ba komai ƙwarewar mai shi. Na biyu kuma, ba gaskiya ba ne cewa kamfanonin ba su sa sharaɗi. Wanda ya buɗe littafin da ke zuwa da motocin Toyota da yawa zai tarar an hana jan tirela a kilomita 800 na farko, an kuma hana gudu mai tsanani da fizga da riƙe gudu ɗaya a farkon rayuwar motar. Kamfanonin a-kori-kura na Amurka su ma suna da irin wannan sharaɗi. Abin da ya faru shi ne, kusan duk motocin hayarmu gwanjo suka zo, wani ya riga ya yi musu wannan horo a Turai ko Japan shekaru da suka wuce, littafin ma bai biyo su ba. Mun gaji amfanin haƙurin wani, shi ya sa muke ganin kamar ba a taɓa bukatarsa ba.

Ja na biyu daga kanikawa yake fitowa, kuma ya fi nauyi. Sukan ce idan an ɗaura giya daidai ba ta bukatar lallaɓawa, idan kuma an ɗaura ta a karkace lallaɓawa ba za ta cece ta ba. Rabin maganar na biyu gaskiya ne tsantsa, kuma ina so a ji shi da kyau, don kada wani bakanike ya fake da wannan rubutu ya ɗora wa direba laifin aikinsa. Ɗaurin giyar aksil aikin awo ne. Akwai zurfin da ƙaramar giya za ta shiga cikin babbar. Akwai 'yar tazarar wasa tsakanin haƙora, wadda a irin waɗannan motoci ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na milimita ba, kuma da agogon awo ake duba ta, ba da girgiza hannu ba. Akwai matsin boris, wanda ake aunawa da ƙarfin da ake bukata kafin a juya giyar. Sannan a shafa wa haƙora wani fenti mai kauri, a juya, a karanta tambarin da ya fito: in ya zauna a tsakiyar haƙori, madalla, in ya gudu gefe ko ya hau kai ko ya nutse gindi, a kwance a sake. Bakaniken da ba shi da agogon awo, bai kuma shafa fenti ba, ya ɗaure notin ƙaramar giya da bututu iya ƙarfinsa, to ko shekara direba ya yi yana rarrafe da motar, aksil zai yi kuka. Amma rabin farko na maganar bai tsaya ba. Awo yana sa tambari a wurin da ya dace, ba ya share tuddan da ke cikin tambarin. Aiki mai kyau da horo ba kishiyoyi ba ne, kowanne na da ɓarnar da yake karewa, kuma abin takaici shi ne wanda ya fi asara idan aka tsallake horo shi ne ƙwararren bakanike, domin aikinsa mai kyau ne ake ƙonawa a rana ɗaya, sunansa kuma ya ɓaci tare da shi.

Ja na uku ya fi dacewa da kasuwarmu. Mutum zai ce: wa ke sayen sabuwar giya ma? A je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a sayo tukunya sukutum ta gwanjo a ɗora. Wannan ba shawara ce mara kyau ba. Tukunyar da ba a taɓa buɗewa ba, haƙoranta sun riga sun zauna, awonta na masana'anta ne, ba ta bukatar kilomita 800 na haƙuri, abin da take bukata shi ne a duba haƙoranta, a tabbatar yawansu daidai yake da na motar, a zuba mata sabon mai. Ga mai Hilux mai ja da ƙafa huɗu wannan ƙirga haƙora wajibi ne, domin in na gaba da na baya suka saɓa, ranar da aka sa giyar taimako za su yi ta kokawa da juna. Sai dai gwanjo mai kyau ƙara wuya yake yi yana ƙara tsada, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, kuma wannan ne ke tura mutane ga sababbin giyoyi masu araha da ingancinsu ya bambanta, waɗanda suka fi kowa bukatar a bi su a hankali. Yana kuma tura wasu ga abin da ya fi komai muni, wato haɗa babbar giya daga wata tukunya da ƙaramar daga wata. Waɗannan ba a goga su tare ba, kowace ta saba da wata abokiyar, babu horon da zai sulhunta su.

Masu cewa man zamani da aka haɗa a masana'anta ya kawar da matsalar, amsarsu gajeruwa ce. Ya fi jure zafi, gaskiya ne, amma ba ya hana garin ƙarfe taruwa, kuma wanda ya sayi mai mai tsada shi ne ya fi jin ƙyashin zubar da shi bayan mako guda. Gara a zuba 80W-90 ko 85W-140 mai lamba GL-5 na gaske, daga rufaffiyar galan, a juye shi a kan lokaci. Abin gudu shi ne man kwalba da ba a san asalinsa ba.

Sai masu cewa kuka ba ya hana tafiya, ga manyan motoci nan suna gunji shekara da shekaru suna kai kaya. Haka ne, aksil mai kuka yakan daɗe kafin ya mutu, kuma ba zan tsorata kowa da cewa kowane gurnani haɗari ne gobe ba. Amma kukan shaida ne cewa fuskar haƙora ta lalace, kuma lalatacciyar fuska tana ci gaba da zubar da gari cikin mai, garin na cin boris, boris in ya saki sai ƙaramar giya ta fara rawa, rawar ta ƙara cin haƙora. Giyar da ya kamata ta yi shekaru sai ta ƙare cikin watanni. Kuma ba a gareji take mutuwa ba. Tana mutuwa ne inda aka fi matsa mata, a hawa irin Hawan Kibo da ke hanyar Jos, ko a tsakiyar daji da dare, a hanyoyin da tsayuwar mota da fasinja a yau ba ƙaramin abu ba ne. Wani lokaci kuma, ba sau da yawa ba amma yana faruwa, guntun haƙori yakan faɗa tsakanin giyoyi ya kulle tayoyin baya ana cikin gudu.

Ja mafi ƙarfi shi ne na kuɗi, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a yin abin, ba jahilci ba. Direbobi da yawa sun san ya kamata a bi sabon aiki a hankali. Amma motar ta riga ta kwana uku ko huɗu a gareji ba ta kawo ko sisi ba, mai ita ya ranto kuɗin gyara, farashin fetur ya ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma direban da ke kan balas na kullum, ko wanda ya karɓi mota a kan biya sannu-sannu, ba a rage masa komai don an sa sabuwar giya. Ɗan kamasho a tasha ba ruwansa da abin da ke cikin tukunya, kujera 18 ya sani. Saboda haka mutumin da ƙafarsa ke kan totur shi ne wanda tsarin ya fi turawa ga ɓarna, kuma shi ne wanda za a fara zagi idan kuka ya tashi. Mai kaya zai ce bakanike ne bai iya ba, bakanike ya ce kayan jabu ne, mai mota ya ce direba ne mahaukaci, kowa da 'yar gaskiyarsa, kuma babu mai iya tabbatarwa, domin babu wanda ya rubuta lambar kilomita ranar da motar ta fito.

Idan aka zauna aka yi lissafi, asarar ba ta kai yadda ake zato ba. Horo ba ajiye mota ba ne. Zangon farko na kilomita 30 da hutawa aikin yini ɗaya ne, kuma ana iya yin sa daga bakin gareji, a je kamar Kura daga Kano a huta a dawo. Bayan haka motar na iya aiki, sai dai gajeren zango da rabin lodi. Kano zuwa Wudil ko Bichi kimanin kilomita 40 ne. Motar da ke zuwa da dawowa sau biyu ko uku a rana za ta cika 800 cikin ƙasa da mako guda, kuma tsayawar jiran fasinja a kowane gefe ita ce hutun da tukunyar ke so. A wannan tazara ƙaramar giya ta juya kusan sau miliyan ɗaya da rabi, kuma da yake 41 da 10 ba su da lambar da ke raba su duka, kowane haƙori nata ya gaisa da kowane haƙori na babbar sau dubbai. Abin da mai mota zai rasa shi ne rabin balas na 'yan kwanaki da kuɗin lita 3 na mai. Abin da yake karewa shi ne kuɗin wata giyar, da sababbin boris, da ladan aiki karo na biyu, da wasu kwanakin zaman gareji, da kuɗin janwe in ta mutu a hanya. Ban ga yadda za a ɗora waɗannan biyun a sikeli na farkon ya rinjaya ba. Kuma tunda giyar dukiyar mai mota ce, shi zai ci moriyar daɗewarta, adalci shi ne shi ya sauke balas na wannan mako da bakinsa, kafin direba ya roƙa. Wanda ya ce wa direbansa ya lallaɓa motar amma ya kawo kuɗi cikakke da yamma, umarni biyu ya ba shi masu karo da juna, kuma ya san wanda za a bi.

Bakanike shi ma yana da abin yi, kuma a ganina shi ya fi kowa ikon sauya al'adar, domin maganarsa ake ji a ranar da ake karɓar mota. Ya sa kuɗin man juyewa na biyu cikin kuɗin aiki tun farko, ya karɓa ya ajiye galan ɗin da sunan motar, domin mutum ba ya barin abin da ya riga ya biya. Ya rubuta lambar kilomita da kwanan wata a takarda, ɗaya gare shi ɗaya ga mai mota. In agogon motar ya mutu, kamar yadda na motocin haya da yawa suka mutu, a ƙirga da yawan sawu a hanyar da aka san tsawonta. Ya fito fili ya ce: «Alhaji, in ta dawo a kan lokaci ba a yi mata lodi ba, kukan da ya tashi nawa ne, in ba ta dawo ba, ba ruwana.» Wannan magana tana kare shi, tana kuma ɗaure shi, domin daga ranar da ya faɗe ta dole ya mallaki agogon awo da fenti. Na'urar auna zafi daga nesa, irin ta masu aikin inji, ba irin ta goshi da aka yi yayi lokacin korona ba wadda iyakarta zafin jikin mutum, ba ta da tsadar da za ta gagari gareji, kuma da ita za a iya nuna wa mai mota lamba da idonsa bayan zangon farko. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a garuruwanmu, tana iya mayar da wannan takarda al'ada a tsakanin 'ya'yanta ba tare da jiran wata doka daga Abuja ba. Shugabannin tasha na NURTW kuma suna iya ba motar da ta fito daga irin wannan gyara damar shiga layin gajeren zango na mako guda ba tare da ta rasa gurbinta a layin dogon zango ba, domin tsoron rasa gurbi na cikin abubuwan da ke sa direba ya ɗauki lodin Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, da giyar da aka ɗaura jiya.

Ranar juye man kuma ya kamata mai mota ya zo da kansa, ko ya aiko wanda ya yarda da shi, a juye a cikin tsaftataccen kwano a gabansa da direba. Mai mai duhu, da laushin gari kamar toka manne a jikin maganaɗisu, wannan alamar horo ce da ya tafi daidai. Mai mai warin ƙuna yana nuna an matsa wa motar. 'Yan ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke iya ji suna nuna awo bai yi ba ko kayan ba su da kyau, kuma a wannan matakin ana iya buɗewa a gyara tazara ko a sauya boris kafin haƙoran su tafi, a kuma koma wa mai kaya da shaida a hannu tun rasit ɗinsa bai tsufa ba.